Me Ya Sa Kyanwa Ke Karce Kujeru?

Idan Bahaushe ya so ya kwatanta mutumin da ba ya cutar da kowa, sai ya kira shi kyanwar Lami, wadda ba ta cizo ba ta yakushi. A wurin masana ilmin halittu kuwa, irin wannan kyanwa a bakin mutane kurum take. In da za a sami kyanwar da ta yi kwana da kwanaki ba ta kafa faratanta a jikin wani abu ta ja ba, to, abin da ya kamata shi ne a nufi likitan dabbobi da ita, domin ruwa ba ya tsami banza. Kowace lafiyayyar kyanwa tana karta, tun tana da 'yan makonni a duniya har tsufa ya cim mata.

A gidajen da, wannan ɗabi'a ba ta dami kowa ba. Akwai itacen darbejiya ko na durumi a tsakar gida, akwai turken awaki, ga dirkokin rumfa, ga tarin itacen girki, saboda haka kyanwa takan yi kartarta ta gama ba wanda ya kula. Yanzu kuwa, musamman a birane, an shafe tsakar gida da siminti, an sare itatuwa, an zuba kujerun kushin a falo waɗanda mai gida ya tara albashin watanni kafin ya saya. Ran da uwargida ta ga soso ya leƙo daga hannun kujera, ran nan kyanwa ta shiga uku. Wata ta sha muciya, wata a kore ta da jifa, wata kuma a ɗaure ta cikin buhu a kai ta bayan gari a yar. Bayan 'yan makonni sai ɓeraye su dawo su ci karensu ba babbaka a ɗakin ajiya. Ga asarar kujera, ga asarar hatsi, ga kuma alhakin dabba, alhali da an san dalilin kartar da duk ba a kai ga haka ba.

Yadda farcen kyanwa yake

Kyanwa tana da farata 18, wato biyar-biyar a ƙafafun gaba, huɗu-huɗu a na baya. Na biyar ɗin a ƙafar gaba yana ɗan sama daga gefen ciki, ba ya taɓa ƙasa, amfaninsa riƙe abin da ta kama. An yi farcen ne da keratin, sinadarin da aka yi farcen mutum da gashinsa da kofaton doki. To amma akwai bambanci babba. Farcen mutum a kan fatar yatsa yake kwance, na kyanwa kuwa daga jikin ƙashin ƙarshe na yatsa yake tsirowa, shi da ƙashin kamar abu guda suke. Mai karatu ya riƙe wannan, domin za a sake komowa kansa.

Mutane da yawa sun ɗauka kyanwa ƙoƙari take yi ta ɓoye faratanta. Ba haka abin yake ba. Idan tana hutawa, wasu jijiyoyi masu miƙewa su koma kamar danƙo su ne ke janye ƙashin ƙarshen nan sama da baya, sai farcen ya shige cikin wata fata kamar wuƙa a kube, ba tare da ta kashe ƙarfin komai ba. Fito da shi ne ke bukatar aiki: sai tsokar dantse ta ja wata doguwar jijiya da ta bi ta ƙarƙashin yatsa, ƙashin ya juyo ƙasa, farcen ya bayyana. Wannan ne ya sa kyanwa ke tafiya ba a jin motsinta, shi ne kuma ya sa sawunta a kan rairayi ba ya nuna alamar farce, saɓanin sawun kare. Farcen kare kullum a waje yake, ƙasa na cinye shi, ya dakushe. Na kyanwa ba ya gogar ƙasa, saboda haka dole ta nemi wata hanyar gyara shi.

Farcen yana girma ne hawa-hawa, kamar ɓawon albasa. Sabo mai tsini yana tasowa daga ciki, tsohon da ke waje ya bushe ya dakushe. Idan ta kafa faratan a jikin abu mai kaushi ta ja, sai tsohon ɓawon ya saɓule, kamar dai yadda maciji ke yin saɓa, sabon ya fito. Wanda ya duba gindin kujerar da ake karta da kyau zai iya tsintar waɗannan ɓawo, farare, masu siffar jinjirin wata, cikinsu fanko. Wasu kan firgita su ce farcen kyanwa ya cire, alhali kuwa lafiya ce ta kawo haka. Faratan baya kuwa, yawanci da haƙora take tsige musu ɓawon.

Karta wasiƙa ce

Da a ce gyaran farce ne kaɗai dalili, da kyanwa ta yi shi a kowane lungu. Amma mai lura zai ga wuri take zaɓa, kuma wurin da ido ke gani: hannun kujerar da ke bakin ƙofa, ko dokin ƙofar kansa, ko gefen gadon mai gida. Dalilin wannan yana cikin asalinta.

Kakar kyanwar gida ita ce kyanwar daji ta Afirka, wadda masana ke kira Felis lybica, har yanzu kuma akwai ta a dazuzzukan Sahel da sauran ƙasashe masu ciyawa, da yankin Gabas ta Tsakiya. Wani bincike da aka buga a 2007, wanda ya duba ƙwayoyin gadon kyanwoyi kusan 1,000 na gida da na daji, shi ne ya ƙarfafa wannan magana. Zaman kyanwa kusa da mutum ya daɗe, domin a 2004 an ba da labarin wani kabari a tsibirin Kubrus mai kimanin shekara 9,500, inda aka tarar da mutum da kyanwa binne dab da juna. Duk da wannan daɗewa, kyanwa ba ta canza ƙwarai daga kakarta ba, kamar yadda kare ya yi nisa da kyarkeci. Ita kuwa kyanwar daji ba ta garke. Ita kaɗai take farauta, ita kaɗai take tsaron yankinta, kuma faɗa da 'yar'uwarta hatsari ne gare ta, tun da mafaraucin da ya ji rauni ba mai kawo masa abinci. Saboda haka ta fi son ta bar saƙo a kan ta yi gaba da gaba.

Saƙon iri biyu ne a lokaci guda. Akwai na ido, wato layukan da faratan suka zana a jikin icce. Akwai kuma na hanci. A tsakanin yatsun dagin kyanwa akwai wasu 'yan ƙananan jakunkuna cikin fata masu fitar da wani maiƙo, wanda hancin mutum ba ya ji, amma ga kyanwa kamar sa hannu ne a takarda. Duk lokacin da ta karci wuri sai ta shafa masa wannan wari. Baƙuwar kyanwa in ta sansana ta san wurin da mai shi, ita ma mai wurin in ta ji warin kanta sai hankalinta ya kwanta. Warin yakan gushe da kwanaki, shi ya sa take komawa wuri ɗaya ta sabunta shi. Wannan shi ne abin da mutanen gida ke fassarawa da taurin kai ko neman magana.

Akwai dalili na uku, shi ne miƙa. Kyanwa kan yi rabin yini ko fiye tana barci, da zarar ta farka kuwa sai ta kafa farata a wani abu ta ja jikinta, tsokokin kafaɗa da na gadon baya su warware. Don haka sau da yawa takan yi karta a kusa da makwancinta.

Kujera ma da laifinta

In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Idan aka dubi kujerar kushin da idon kyanwa, za a ga ta cika duk sharuɗɗan itacen kirki. Tana da nauyi, ba ta girgiza komai ƙarfin ja. Tana da tsawon da kyanwa za ta miƙe sosai. Yadinta yana kama farce, yana kuma tsagewa ya bar alama. Daɗin daɗawa tana tsakiyar gida, inda kowa ke wucewa, cike da warin mutanen gida da na baƙi. Ba ƙiyayya ce ta sa kyanwa ta zaɓi kujera mafi tsada ba, a cikin ɗakin ne ba ta ga abin da ya fi ta ba.

Daga nan hanyar gyara ta fito fili. Ba a iya hana kyanwa karta, kamar yadda ba a iya hana kaza tono. Abin da ake iyawa shi ne a ba ta abin da ya fi kujera daɗin karta, sa'an nan a rage wa kujerar armashi. Dole kuma a haɗa biyun. Wanda ya rufe kujera bai kawo madadi ba, ya tura kyanwa ga labule ne ko darduma.

Turken karta

A 2016 aka buga sakamakon wasu tambayoyi da likitocin dabbobi suka yi wa masu kyanwa fiye da 4,000 ta intanet. Kimanin rabinsu sun ce kyanwoyinsu na karce abin da bai kamata ba. An lura cewa turken da aka naɗe da igiya shi kyanwoyi suka fi amfani da shi idan an ba su, kuma ɓarna ta fi ƙaranci a gidajen da turkensu ya kai tsawon ƙafa 3 ko fiye, wato kimanin santimita 90. Wani gwajin da aka yi a Jami'ar Texas Tech ta Amurka, aka buga a 2019, ya nuna 'yan kyanwoyi ƙanana sun fi son kwali. Ke nan zaɓi yakan bambanta, kuma kyanwar ce da kanta ke nuna nata: wadda ke miƙewa tsaye a jikin kujera turke take so, wadda ke yagar darduma ko tabarma kuwa abu na kwance take nema.

A ƙasashen Turai ana sayen irin wannan turke a kanti, galibi naɗe da igiyar sisal. A ƙasar Hausa ba sai an sayo daga waje ba. Kafinta zai iya kafa icce mai kauri, tsawon mita guda, a kan faffaɗan katako mai nauyi, a naɗe shi tam da igiyar rama, a tabbata ba ƙusar da ta leƙo. Guntun kututture mai ɓawonsa, in an jingine shi yadda ba zai motsa ba, shi ma ya wadatar, shi ne ma abin da kakanninta suka saba da shi. Ga mai son na kwance, sai a yayyanka tsohon kwali falle-falle, a jera su a tsaye bakinsu na kallon sama, a ɗaure su da ƙarfi. Babban sharaɗi dai shi ne ƙarko. Turken da ya taɓa faɗowa kan kyanwa sau ɗaya, da wuya ta sake kusantarsa.

A wurin ajiyewa ne mutane suka fi yin kuskure. Turke ba abin ado ba ne, don haka akan kai shi bayan ɗaki ko kusa da makewayi, daga baya a ce kyanwa ta ƙi shi. Ai ba mai manna sanarwa a inda ba kowa. A fara ajiye shi dab da gefen kujerar da take karta, wani kuma kusa da inda take kwana. Idan ta saba da shi na makonni, ana iya jan sa kaɗan-kaɗan zuwa inda bai tare hanya ba, muddin dai yana cikin ɗakin da ake zama. In kyanwoyin gidan sun fi ɗaya, kowace a yi mata nata.

Kada a kama ƙafafunta a goga a jikin turken da sunan koyarwa, wannan tsoro yake sa mata. A ɗaura gashin kaza a zare a riƙa ja a jikinsa, in ta kai cafka faratanta za su shige igiyar, ta ji daɗin wurin da kanta. Duk lokacin da aka ga ta karce shi, a ba ta ɗan guntun kifi ko nama nan take. Haka kuma idan turken ya tsufa ya yi buzu-buzu kada a yi saurin jefarwa, domin a lokacin ne ya cika da alamarta da warinta.

Ita kuwa kujera, a wanke wurin da sabulu da ruwan ɗumi don warin ya tafi, a lulluɓe shi da leda mai kauri ko a manna salatif mai danƙo ciki da waje, tun da kyanwa ba ta son abu mai santsi ko mai kama dagi. Wannan na ɗan lokaci ne. Dabarar da ta fi kowace arha kuwa ita ce rufe ƙofar falo idan ba kowa a ciki.

A nan akwai gargaɗi. Kada a yayyafa wa kujera maganin kashe ƙwayoyin cuta don korar kyanwa, musamman irin waɗanda kan koma fari kamar madara in an zuba su a ruwa, domin da yawansu na ɗauke da finol ko danginsa. Hantar kyanwa ba ta da isasshen abin da ke warware irin waɗannan sinadarai, ga shi kuwa duk abin da ta taka sai ta lashe. Wannan raunin hanta ne kuma ya sa ƙwayar farasitamol guda ɗaya ke iya kashe kyanwa.

Duka ba ya magani

Kyanwa ba ta haɗa hukunci da laifin da ya wuce. Idan aka dawo daga kasuwa aka tarar da ɓarna aka rufe ta da duka, abin da ta koya shi ne wannan mutum abin gudu ne. Ko da a cikin aikin aka kama ta, iyakar darasin shi ne ta jira sai ba ya nan. Bugu da ƙari, duka yana iya ƙara abin da ake son ragewa, tun da kyanwar da hankalinta ya tashi ta fi bukatar jin warin kanta a ko'ina.

A 2024 wata masaniya ta Jami'ar Ankara da ke Turkiyya, Yasemin Salgirli Demirbas, da abokan aikinta suka buga bincike a kan kyanwoyi 1,211 na gidajen Faransa. Sun tarar karta ta fi yawa a gidajen da ke da yara, da wurin kyanwoyin da ke yawan zirga-zirgar dare, da waɗanda ake daɗewa ana wasa da su ba hutu. Masu binciken sun danganta wannan da damuwa. Gaskiya ne amsoshin masu kyanwa aka tattara, irin wannan bincike kuwa yana nuna abubuwan da ke tafiya tare ne, ba lalle ya nuna wanne ya haifi wanne ba. Duk da haka shawararsu ta dace da hankali, balle a gidan Bahaushe mai yalwar yara: a samar wa kyanwa maɓoya da wuri mai tudu da hannun yaro ba ya kaiwa, wasa kuma ya zama gajere, sau da yawa a yini. In kyanwar da ba ta saba ɓarna ba ta fara farat ɗaya, a bincika, wataƙila wani muzuru ne ke haurowa ta katanga.

Rage farce daban, cire shi daban

Rage tsinin faratan gaba bayan kowane mako biyu ko uku yana rage ɓarna. Ana danna yatsa a hankali farcen ya fito, a yanke ɗan ƙarshen mai haske kawai da abin yanke farce, ba reza ba. Jan da ake hangowa a cikin farcen nama ne mai jini, taɓa shi ciwo ne. Wannan ya fi dacewa da kyanwar da ke zaune a ɗaki. Wadda ke fita tana kama ɓera tana hawan icce don tsere wa kare, gara a bar mata makamanta.

Wani kan ce, me zai hana a cire faratan gaba ɗaya a huta? An daɗe ana yin haka a Amurka ta hanyar tiyata. Amma da yake farcen daga ƙashi yake tsirowa, ba ya ciruwa sai an guntule ƙashin ƙarshe na kowane yatsa, daidai da a yanke wa mutum yatsu goma daga gaɓar ƙarshe. Kyanwa kuwa a kan yatsunta take tafiya. Wani bincike na 2017 ya kwatanta kyanwoyi 137 da aka yi wa wannan aiki da wasu 137 da ba a yi wa ba, aka ga na farkon sun fi fama da ciwon baya, sun fi cizo, sun kuma fi yin fitsari da kashi a inda bai kamata ba. Fiye da rabinsu an tarar da guntayen ƙashi da suka saura a yatsunsu. Yarjejeniyar ƙasashen Turai ta kare dabbobin gida, wadda aka ƙulla a 1987, ta hana wannan aiki sai don magani. Jihar New York ta haramta shi a 2019, Maryland ta bi bayanta a 2022. An so a tsirar da kujera, an ƙare da kyanwa mai cizo mai fitsari a katifa.

Yakushin da ya sami mutum shi ma ba abin rainawa ba ne. Akwai ƙwayar cuta mai suna Bartonella henselae da ƙuma ke yaɗawa tsakanin kyanwoyi, takan maƙale a ƙarƙashin farce, ta jawo wa wanda aka yakusa kaluluwa da zazzaɓi, yawanci yara. A wanke wurin nan da nan da sabulu da ruwa mai yawa. In kyanwar baƙuwa ce, ko an ga halinta ya canza, a tafi asibiti ba jinkiri, domin kyanwa ma tana kamuwa da ciwon haukan kare.

Aikin da ɗalibai za su iya yi

Malamin kimiyya zai iya mai da wannan darasi aikin gida ba tare da kashe kuɗi ba. Ɗaliban da ke da kyanwa su sami katako uku masu tsawo ɗaya, su naɗe na farko da igiyar rama, na biyu da tsohon buhun algarara, na uku su bar shi da ɓawonsa, su kafa su a jere kusa da makwancinta. Kowace safiya a shafa garin alli a jikinsu, da yamma a duba wanda aka goge, a rubuta. Bayan kwana uku-uku a riƙa sauya musu wuri, in ba haka ba ba za a san ko kayan ta zaɓa ko wurin ba. Bayan mako biyu ajin ya haɗa sakamakon a allo, a raba na 'yan ƙanana da na manya, na mata da na muzurai. Ɓawon farcen da aka tsinta a gindin katakon kuwa a zo da shi makaranta cikin kwalin ashana, a sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girma a ƙirga hawa nawa ne.